Sandar Awon Ƙofa

Yayana mai walda ne, kuma ba mutumin da za ka ce wa "haka ake yi" ya yi shiru ba ne. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai faci da shagon ɗinkina, saboda haka babu rigimarsa da ta taɓa wuce ni. Ya yi da masu kawo wuta, ya yi da mai gidan haya, ya yi da wani ɗan kwangila da ya so a yi masa ƙofofi da ƙarfe mara kauri a rufe da fenti. Hannayensa duk tabon tartsatsi ne, idanunsa kullum ja, rigunansa kuwa na gaji da toshe musu huji. Mutum ɗaya ce a duniya take juya shi yadda ta ga dama, ita ce 'yarsa ta fari.

Yarinyar ba ta taka ƙafafunta tun wata cuta da ta same ta tana goye. Keken da aka ba su a asibiti bai daɗe ba ya karye, sai Yaya ya zauna ya ƙera mata wani da hannunsa, mai faɗi kaɗan, mai tayoyi masu ƙwari. Ta ƙware da tuƙa shi har tana bin kaji da gudu a tsakar gida. Uban ne ya fara kiranta Direba, sunan ya bi ta, har uwarta ma sai ranta ya ɓaci take tuna na gaskiyan.

Da ta isa shiga makaranta, Yaya ya ce ta kuɗi zai sa ta, ko da zai yini ya kwana yana walda. Wasu daga cikin dangi suka fara cewa a bar ta a gida a nemo mai koya mata, wai don a sauƙaƙa mata. Ban ma tsaya jin amsarsa ba, ni na fara yi musu tas. Shi kuwa miƙewa kawai ya yi. Ya shiga shago, ya ɗauko bututun ƙarfe, ya yanka shi daidai faɗin keken Direba daga taya zuwa taya, ya ƙara kaɗan saboda hannayenta. Da wannan sandar ya fita neman makaranta.

Matarsa ta ce mini, "Ni ba zan bi shi ya kunyata ni ba. Ke da kika saba da halinsa, ki raka shi."

Ta san abin da take faɗa. Duk makarantar da muka shiga, sai a tarbe mu da fara'a, a nuna mana ɗakin kwamfuta, da motar ɗaukar yara, da lilo mai sabon fenti. Yaya zai bari su gama tsaf, sannan ya ce, "Ina banɗaki?" Ya riƙe sandarsa a gicciye, ya doshi ƙofar. Sai ka ji ƙwal, ƙarfe ya bugi bango. Ko kallon masu makarantar ba ya yi, sai ya ce da ni, "Mu tafi." A wata makarantar ajin yana saman bene, aka ce kada ya damu, mai gadi zai riƙa ɗaukarta yana hawa da ita. Ya ce 'yarsa ba buhun siminti ba ce.

Har wata ƙaramar makaranta da ke bayan layinmu muka je, inda 'yar mai faci take karatu. Makarantar ta wata tsohuwar malama ce. Ajujuwan a ƙasa suke, hayaniyar yara kamar kasuwa, amma ƙofofin ƙanana. Sandar ta ƙi shiga. Malamar ta buɗe baki za ta yi magana, mu har mun kai bakin titi.

Daga ƙarshe muka faɗa wata sabuwar makaranta a babban titi. Gini fes, gangaren siminti a gefen kowace matakala, ƙofofi wangame. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sandarsa ba ta taɓa komai ba, har banɗaki. Na ga fuskarsa ta sake. Da shugabar makarantar ta faɗi kuɗin zango sai da na nemi kujera na zauna, amma ta yi murmushi ta ce irin su Direba ai abin alfaharinsu ne, za a yi rangwame. Da ta ji sana'arsa ma sai ta ba shi aikin ƙera firam ɗin wani babban allon talla da za su kafa a bakin ƙofa.

Da muka fito an tashi yara, na ce masa, "Yaya, mu ɗan tsaya mu ji ta bakin ɗaliban mana."

Ya ce, "Yara me suka sani? Sandata ta riga ta gaya mini abin da nake son ji."

Nan ya kwafsa. Mutumin da ya saba da ƙarfe, ya ɗauka duk abin da ya auna ya ga daidai to ya gama da shi.

Direba ta fara zuwa. Ni na ɗinka mata kayan makarantar, kuma ni na fara ganin akwai matsala, don yarinyar da ke yaga riga kafin a kai ga wanke ta sai ga ta tana dawowa fes kamar yanzu aka yi mata guga. Tayoyin keken ko ƙasa babu. Kaji suka samu lafiya a gidan. Idan na tambaye ta makaranta sai ta ce, "Lafiya lau, Goggo," ta kau da kai. Na yi wa Yaya magana, ya ce girma ne ya zo mata. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai.

Ya gama firam ɗin, ya kafa shi da kansa, masu buga hoto suka zo daga baya suka ɗaura nasu. Washegari muka raka Direba tare, don ina da ɗinkin da zan kai ta wannan hanyar. Tun daga nesa muka hango ta. Fuskarta ce ta cika allon, da keken da ubanta ya ƙera, an zagaye ta da yara suna dariya, a ƙasa an rubuta cewa a wannan makarantar ba a barin kowa a baya.

Yaya ya tsaya cak. Ina jin da farko ma daɗi ya so ya ji. Sai Direba ta ce, "Baba, ranar hoton nan ce kaɗai aka fito da ni fili."

A bakin titin nan ta zazzage mana komai. Idan aka fita hutu, wata ma'aikaciya ke tura ta ofis ta zauna a sanyi, wai kada ta ji ciwo. Ba a barinta ta tuƙa kekenta da kanta. A aji ko ta ɗaga hannu ba a kiranta, sai ranar da iyaye suka zo duba makaranta, a turo ta layin gaba. Ta ce, "Rannan da gangan na rubuta shirme a aikin gida, in ga ko za a yi mini faɗa. Malam ya ba ni maki, ya ce na yi ƙoƙari."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi ƙona ni. Yaya bai shiga ofis ba. Ya aro tsani wajen mai gadi, ya hau firam ɗin da ya ƙera, ya kwance hoton a tsanake, ya naɗe shi ya sa a hammata. Kafin ya sauko shugabar ta fito, iyaye sun tsattsaya suna kallo.

Ta ce, "Malam, wannan kayan makaranta ne. Kuma ka tuna da rangwamen da aka yi maka."

Ya ce, "Firam ɗin naku ne, na bar muku. Fuskar ta 'yata ce. Rangwamen kuma ku riƙe abinku, ashe ba kyauta ba ne, haya kuka biya."

Ta ce in ya cire yarinyar ba za a mayar masa da ko sisi ba, kuma ya je ya zagaye garin ya ga ko akwai makarantar da ta kai tasu kayan aiki. Gaskiyarta ne, babu. Ya san haka, ni ma na sani, kuma kuɗin da ya biya ba a kan titi ya tsince su ba. Duk da haka ya juya ya ce, "Direba, tayar da mota." Ta kama tayoyinta ta yi gaba, muka bi ta.

Zaman gida ya dawo, dangi suka samu abin faɗa. Direba ta koma yini a shagona, kuma a nan ta yi nata binciken da ubanta ya ƙi yi. Kullum idan 'yar mai faci ta taso daga makaranta, sai ta tsare ta da tambayoyi. Wa ke wasa da wa? Idan mutum bai yi aikin gida ba me ake yi masa? Malamar tana dariya kuwa? Yarinyar ta ce malamar tana da faɗa, ba ta ƙyale kowa, kuma fankar ajinsu ta daɗe da mutuwa. Na ga idon Direba ya yi haske.

Ta ce da ubanta can take so. Ya ce ai sun je, sandar ba ta shiga ba.

Ta ce, "Baba, ba kai ne mai yanka ƙofa ba?"

Tunda nake da Yaya ban taɓa ganin an kashe masa baki irin na ranar ba. Mai faci ya yi dariya har ya saki tayar da ke hannunsa.

Muka koma wajen tsohuwar malamar. Ba ta manta da mu ba. Ta ce, "Ranar nan da ka tsaya da na gaya maka. Ba ni da kuɗin fasa gini, kuma ba zan rage maka komai don tausayi ba. Za ta biya kamar kowa, in ta yi laifi a yi mata faɗa kamar kowa. In ka yarda, ga ƙofofin nan."

Ya ce, "Malama, ginin aikina ne. Ke dai ki ji da na cikin aji."

A ƙarshen mako ya zo da birkila da injin yanka ƙarfe. Suka faɗaɗa ƙofar aji da ta banɗaki, suka zuba gangare a bakin shiga. Sandar awon kuwa ya liƙe ta a bangon banɗakin, ta zama abin riƙewa. Ya ce ta gama yawo.

Ba a daɗe ba aka fara kawo mini rigar Direba a yage, hannun riga yau, aljihu gobe. Ina mita ina ɗinkewa, raina fari tas. Sai wata rana ta taso ta shiga shagon uban da gudu, tayoyi duk laka, fuska a murtuke. Ta ce Malama ta hana ta fita hutu, ta sa ta goge allo, wai ta cika surutu a aji.

Yaya ya kashe injinsa, ya ɗaga gilashin fuskarsa. Daga shagona na ajiye almakashi, don na san shi, na ɗauka yanzu zai nufi makarantar.

Ya ce, "Ke kaɗai aka hana?"

Ta ce, "A'a, da ni da ƙawayena. Amma ni ta fi yi wa faɗa, wai ni ce shugabarsu."

Ya daɗe yana kallonta, idanun nan jajaye sun cika da ruwa. Matarsa, da ta kawo masa abinci, ta ce ya yi wa yarinyar faɗa mana, ya daina zuba mata ido. Ya goge fuska da gefen rigarsa, ya sauke gilashin.

Ya ce, "Faɗan ai an riga an yi mata. Da kuɗina na biya a yi shi."