Kilo Sha Tara

Yayana mai aski ne, ni ƙanwarsa kuma tela, kuma abin da ya raba shagonsa da nawa fallen katakon filawud ne guda, wanda ko tari ya yi sai na ji. Don haka in na ce na san rayuwar mutumin nan, ba cika baki nake yi ba. Na san kukan injinsa in batir ya fara sanyi, na san wanda aski ya kawo shi da wanda gulma ta kawo shi, na kuma san shirun da Yaya kan yi wanda ba na aiki ba ne.

Shagon nasa ba wani abin a zo a gani ba ne. Kujera ɗaya ce mai juyawa, da bencin masu jira, da madubin da ya tsage ta kusurwa tun ranar da aka kafa shi. Sai wani katako da ke jingine a bayan ƙofa. In aka kawo yaro, Yaya yakan ɗauko katakon ya gitta shi a kan hannayen kujerar, ya ɗaga yaron cak ya ɗora, don kansa ya kai madubi. Yara da yawa sun zauna a kai har ya yi santsi, amma don mutum ɗaya aka yanko shi tun farko, wato ɗan Yaya.

Shi kaɗai Allah ya ba Yaya da matarsa. Muna ce masa Sarkin Motsi, don ba a taɓa yi masa aski layi ya fita daidai ba. Uba gwanin aski, ɗa kuwa kullum kai kamar ɓera ya ci. Yana shekara biyar ya fara zazzaɓin da ba ya jin magani, ya yi fari fat, ya daina hawa tebur ɗina yana watsa mini maɓallai. Likita ta ce kansar jini ce. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani a hankali, ta ce a cikin ɓargon mutum akwai wasu ƙwayoyi waɗanda su ne uwayen jini, su ke haifar da shi. Na yaron sun lalace. In aka samu wanda nasa suka dace da na yaron, sai a ɗiba a dasa masa.

Duk muka miƙa hannu aka ɗebi jininmu, uban da uwar da ni da duk wanda dangantaka ta haɗa mu da shi. Yaya rabi ya dace, kuma likitocin suka ce a halin da yaron yake ba za su yi da rabi ba. Aka duba wata rajista ta ƙasashe da yawa, inda mutane ke sa sunansu don su ba wanda ba su sani ba. Muka yi ta jira. Ba a samu kowa ba.

Magani ya zubar masa da gashi kaf. Duk da haka, ranar da aka sallamo shi gida, ya ce shi sai an yi masa aski. Yaya ya gitta katako, ya ɗaga shi, ya yafa masa ƙyalle, ya kunna inji yana yawo da shi a iska a saman kan da babu ko sili ɗaya. Ran nan Sarkin Motsi ya zauna tsit. Ni ina leƙe daga ƙofa, ban taɓa tsanar yaro mai natsuwa ba sai ranar. Bai kai ga shiga makaranta ba, Allah ya jiƙansa.

A cikin wannan zirga-zirgar asibitin ne Yaya ya sa sunansa a rajistar, ya kuma manta. Shekaru suka shuɗe. Wata ranar hantsi yana cikin yi wa wani direba aski, ya kai rabin kai, wayarsa ta yi ƙara. Ta filawud na ji inji ya mutu, na ji yana ta cewa “na'am, na'am”, sai kuma shiru. Can direban ya ce, “Malam, ni fa rabin kaina na nan yadda na kawo shi.”

Na zagaya na same shi zaune a benci. Ya ce wata mata ce daga rajista, wai ya dace da wani mara lafiya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, “Yaya, lokacin da muke nema ina mutanen duniya suke? Namu ya tafi ba wanda ya zo, yanzu kai ne za ka je ka kwanta a tsotse ka saboda ɗan wasu?”

Ya dube ni ya ce, “Auta, lokacin nan da muke zaune a barandar asibiti, ai wani muke jira. Kullum ina tunanin wane irin mutum ne. Ashe yana cikin aski ake kiransa.”

Na koma na taka keken ɗinkina da ƙarfi don ya san ban huce ba. Amma ranar ɗiba ni na raka shi, don matarsa tun rasuwar yaron ko warin asibiti ba ta iya shaƙa.

Kafin ranar an yi masa allurai na 'yan kwanaki don ƙwayoyin su fito daga ɓargo su shiga jini, ƙasusuwansa suka yi ta ciwo yana aski yana dafa ƙugu. Ɗakin ɗibar ƙarami ne, da kujera mai kwanciya da wata na'ura mai girman firij. A soka allura a hannu ɗaya, jini ya bi ta roba ya shiga na'urar, ta tace abin da take so ta zuba a leda, sauran ya dawo ta ɗaya hannun. Tun farko matar rajista ta gaya masa ƙa'ida. Ba za a faɗa masa suna ba, ba za a faɗa masa ƙasa ba, kuma inda mara lafiyar yake doka ba ta yarda a haɗa mai bayarwa da mai karɓa ba har abada. Abin da kawai ta ce shi ne yaro ne namiji.

Yaya da bai saba zaman banza ba ya tambayi nas ko zai daɗe. Ita kuwa tana ta danna maɓallai ta ce, “Ba za ka daɗe ba, Baba. Gwargwadon nauyin mara lafiya muke ɗiba, wannan kuwa kilo sha tara ne kawai.”

Ba asiri ta tona ba, abin da dole ta sani ne kafin ta saita na'ura. Amma na ga fuskar Yaya ta canza. Shi da ya sha ɗora Sarkin Motsi a sikelin asibiti ya san abin da kilo sha tara yake a hannu. Kafin azahar an gama. Ledar ba ta cika tafin hannuna biyu ba. Wata mata ta zo da akwatin sanyi ta saka ta a ciki, ta rungume ta fita, Yaya ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Daga nan ya samu sabuwar ɗabi'a. Duk yaron da ya ɗaga zai ɗora a katako sai ya ɗan tsaya da shi a sama, kamar mai sayen kaza. “Wannan sha bakwai. Kai, wannan ya haura ashirin, me kake ɗura masa?” Iyaye su yi dariya, har wasu suka fara ce masa Sikeli. Ni kaɗai na san abin da yake aunawa. In ya ɗaga wanda ya yi daidai, sai inji ya daɗe bai kunnu ba.

Ya sha kiran matar rajista ya tambaya ko yaron ya tashi. Mace ce mai kirki, amma amsarta ɗaya ce, ba ta da izinin faɗa, ita ma ɗin ba a gaya mata ba. Ta ce abu guda za ta iya yi masa alkawari, in yaron ya sake buƙata, shi za a kira. Wannan magana ita ta hana Yaya sakat. In an kira shi, yaro na da rai amma ba lafiya. In ba a kira ba, ko dai ya warke yana can yana ƙwallo, ko kuma an daɗe da binne shi. Na tambaye shi wanne yake roƙo. Ya ce, “Da safe ina roƙon kada su kira. Kafin yamma na fara duba waya.”

Ya daina sigarin da uwarmu ta yi ta fama ya bari har ta koma ga Allah bai bari ba. Ya rage sukari a shayi. Ya daina hawa babur, kullum a ƙafa yake zuwa shago, ruwa ko rana. In abokansa sun tsokane shi wai zai ƙara aure ne, sai ya ce, “Ajiyar wani ce a jikina.” Wayar kuwa tana kan 'yar kantar da ke ƙarƙashin madubi, tsakanin hoda da burushi, an ƙure mata ƙara.

A tsallaken titi wani ya buɗe kanti mai gilashi, yana sayar da man shafawa da ƙwayoyin haɗiya, wai a cikinsu akwai irin waɗannan uwayen ƙwayoyin. Suna maganin sanƙo, suna maganin gwiwa, suna mayar da tsohuwa yarinya. Abin da muka zaga duniya muna nema yaronmu ya mutu bai samu ba, shi ne wai ga shi jere a kwalabe da jan zare a wuya. Kullum na ɗaga kai daga keke na hango kantin nan sai na ji kamar in ɗauki dutse.

Mai kantin ya ji labarin Yaya, ya tsallako da turarensa mai hawa kai. Yana so a sa hoton Yaya a allon talla, a rubuta cewa ga mutumin da ƙwayoyinsa suka ceci yaro, ya ce kuma ba zai ji kunyarsa ba. Yaya ya kashe inji ya ce, “Sun cece shi? Ka sani? Don Allah in ka sani gaya mini, hoton kyauta zan ba ka.” Mutumin ya tsaya yana 'yan kame-kame. Sauran bayanin ni na ƙarasa masa daga bakin ƙofata da almakashi a hannu, bai kuma sake tsallakowa ba.

Haka aka yi ta tafiya har furfura ta cinye kan Yaya. Yaran da ya auna suka girma, wasu sun fara zuwa da hoton irin askin da suke so a waya, suna yi masa gardama a kan layi. Ni har na fitar da rai, na ɗauka maganar ta mutu. Shi bai taɓa fita ko nan da can ba tare da wayar ba.

Wata ranar Talata da rana tsaka na ji ta yi ƙara, na ji inji ya mutu. Wannan karon bai jira na zagayo ba. Mutumin da ya saba yi mini magana ta filawud sai ga shi tsaye a ƙofata, burushi a hannu, yana dariya ido na zubar ruwa.

“Auta, yana nan. Yana nan da ransa.”

Na ce, “Yaya, ai ba shi da lafiya ke nan.”

“Na sani. Amma yana nan.”

Jinin yaron ne ya sake yin rauni, ana so a ƙara masa. Likita ya duba Yaya sama da ƙasa, don shekarunsa sun kusa kai inda ake daina karɓa. Ba hawan jini, ba sukari, huhu fes. Ya tambaye shi ko yana motsa jiki ne, Yaya ya ce a'a, tsoro ne kawai.

Ɗakin bai canza ba, sai dai na'ura sabuwa ce, nas ɗin ma wata ce, yarinya da ba ta san komai a kanmu ba. Tun a mota na lura Yaya na motsa baki kamar mai bitar hadda. Ya bari sai da ta soka allura a hannun dama, ta soka a hagu, ta juya wajen maɓallanta, sannan ya tambaya a hankali kamar ba komai ba.

“'Yata, zan daɗe?”

Ta ce, “Yau kam sai haƙuri, Baba. Za ka kai la'asar, wataƙila ma ka dawo gobe. Kilo hamsin da biyu ne.”

Ya rufe ido. Na'ura ta fara juyi, jini ya kama hanya cikin roba. Ni kuwa zuciyata ta tafi wajen namu, wanda bai taɓa haura kilo ashirin ba, kewarsa ta taso mini sabuwa kamar jiya muka rufe shi. Ina cikin haka na ji Yaya ya ce, “Auta, ya sauka daga katako.”

Ya ci gaba da cewa, “Yanzu da ƙafarsa yake shiga wajen aski, ba mai ɗaga shi. Ya zauna ya ce ga irin wanda yake so. Ina jin ma gashin baki ya fara tsirowa, yana hana a taɓa.”

Hawaye suka gangaro masa har cikin kunne, kuma ba shi da hannun gogewa, duka biyun na miƙe da allura an ce kada ya lanƙwasa. Na matso da kujerata na goge masa da bakin gyalena. Nas ta juyo a tsorace ta tambaya ko allurar ce ke yi masa zafi, ko ta kira likita.

Yaya ya girgiza kai ya ce, “A'a, 'yata. Ki bar shi ya daɗe. Ki ɗebi na babban mutum.”