Kusurwata Mai Labule da Tabarmar Habu

Ni ɗan Sandamu ne, ɗan manomi. Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifina yana raye, kuma kunyar da na jawo masa ta isa haka. Kafin in shiga kwaleji a Daura ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. A gidanmu ɗaki guda muke kwana da ƙannena da buhunan gero. Idan ka rataye rigarka da yamma, da safe a jikin wani za ka gan ta. Ban taɓa samun bangon da zan ce nawa ne ba. Ku riƙe wannan, ƙannena, don daga nan abin ya samo asali.

Da aka ba ni wuri a ɗakin kwanan ɗalibai, sai na tarar mu uku ne, kowa da kusurwarsa. Al'adar wurin ita ce kowa ya gyara tasa iya ƙarfinsa, kuma da ita ake auna mutum. Nura, ɗan wani ɗan kasuwa, ya zagaye tasa da labule har ƙasa, ga kafet, ga fanka, ga madubi, ga ƙananan fitilu masu canza launi. Ni kuwa wata siririyar katifa ce da akwatin ƙarfe. Na ukunmu shi ne Habu, ɗan makiyaya daga wani ƙauye a ƙasar Baure, kuma shi ne na farko a danginsu da ya taka kwaleji. Kayansa tabarma ce da bargo da jakar bakko, sai ƙusa ɗaya da ya kafa a bango yana rataye rigarsa.

Habu ko a jikinsa. Ni ne abin ya tsaya wa a rai. Baƙi za su shigo su wuce ni kamar ba su gan ni ba, su cire takalma su baje a kafet ɗin Nura. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya dubi katifata ya ce, “Malam, wannan daga asibiti ka aro ta?” Aka fashe da dariya, ni ma na taya su. Amma wallahi har aka yi la'asar maganar tana cina.

Abin da na fara ɗauka labule ne. Wani ya wanke ya shanya a igiya bayan ɗakuna, ni kuma na zo wucewa babu kowa. Na naɗe shi na cusa a riga. Na kai wa masu rini a cikin gari suka mai da shi shuɗi, na dawo na rataye abina. Ba a jima ba mai labulen da kansa ya leƙo ɗakinmu neman ashana, ya taɓa shi ya ce, “Kai, wannan ya yi kyau, irin nawa ne da aka sace.” Na ce Allah ya tona asirin ɓarawo. Ya ce amin. Daga ranar tsoro ya fita daga raina.

Sai na gano cewa ranar Juma'a, da an tafi masallaci, ɗakunan nan wayam suke, makullansu kuwa ko cokali ya buɗe su. Na zama mai ciwon kai duk Juma'a. Na fara da caja da turare da takalma, na koma wayoyi. Wani da na haɗu da shi a tasha ya nuna mini mutumin da ke saye a Kongolam. Ba ya tambaya, kuma duk wayar da ta shiga hannunsa ta ƙetare iyaka ke nan. Abin da na samu ban ci ba, ban sha ba, ban aika gida ba. A bango na zuba shi. Na yi fenti, na sa kafet mai laushi da ƙafa ke nutsewa, na sayi sifika da fanka mai caji da fitilu masu canza launi da madubin da ya fi na Nura. Ɗalibai suka sa wa kusurwata suna Dubai, ni kuma Alhajin Dubai. Na ce musu ina da kawu a Legas. Kawun da ba ni da shi ke nan.

Simintin ɗakin ya fashe a gefen katifata, ya bar rami. Na ƙara faɗaɗa shi, na ɗora katako, na rufe da kafet. A nan kaya suke kwana kafin in kai su Kongolam.

Ba zan ce ba na son Habu ba, kuma wannan shi ya fi komai zafi. Yaya yake ce mini, don na girme shi. Sau da yawa gari da ruwa ne abincinsa, ni kuma idan na dafa taliya sai in ce, “Habu, matso.” Ya yi ta noƙewa har sai na ɓata rai. Da ya rasa abin da zai saka mini da shi, sai ya ɗauki sharar kusurwata. Kullum da safe zai durƙusa ya share kafet ɗin nan tas, ya kakkaɓe gefe da gefe. Idan na hana shi sai ya ce, “Haba Yaya, bar ni in samu lada.” Da cajarsa ta lalace na jawo wata na ba shi, ban ko tuna daga ɗakin da na ɗauko ta ba. Ya yi ta godiya kamar na ba shi saniya.

Ana dab da jarrabawa na ɗauke kwamfutar Nura. A ɗakinmu, ku ji fa. Duk aikinsa na kammala karatu yana ciki. Ya dawo daga masallaci ya ɗaga katifa ya ga wayam, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Dama ɗalibai sun cika sun batse da sace-sacen nan. Kafin ka ce me, an rufe ƙofar shiga, aka ce yau sai an bincike kowa, kuma daga ɗakinmu za a fara.

Suka zo kusurwata. Ina gaya muku, sai da suka cire takalma. Wani ya ɗaga labule ya leƙa, wani ya buɗe akwati sama-sama. Shugabansu yana tsaye daidai kan katakon nan, kwamfutar tana ƙarƙashin ƙafarsa, ya ce, “Ku bar Alhaji, me zai yi da kayan wani? Ku dubi wurinsa mana.” Suka juya kan Habu. Babu wanda ya cire takalmi a kan tabarmarsa. Suka zazzage jakar bakkon, sai ga caja ta faɗo. Wani yaro daga ɗakin da ke kallon namu ya yi tsalle ya ce tasa ce, ga ma alamar da ya yi mata da jan fenti, kuma tare da wayarsa aka ɗauke ta.

“Ina ka samo ta?” in ji shugaban.

Habu bai ce komai ba. Ni ya kalla. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon mai jira ne. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina duban kafet ɗina.

Suka sake tambayarsa, ya sake yin shiru. Wani ya ce, “Dama mutum ba shi da komai sai ƙusa, da me yake rayuwa?” Shi ke nan. Suka ja shi waje cikin rana tsaka suka rufar masa, da bel, da katako, da ƙafa. Ina jin muryarsa yana salati. Ban fita ba. Na zauna a Dubai, fanka tana kaɗa ni, har masu gadi suka zo suka ƙwace shi, jini yana zuba daga kunnensa na hagu.

Makaranta ta kore shi. Mahaifinsa ya zo, dattijo dogo da sanda, ya naɗe tabarmar ya ɗauki jakar. Da zai fita ya tsaya ya ce mini, “Kai ne Yayan da yake faɗa? An ce kana ba shi abinci. Allah ya saka maka da alheri.” Na ce amin da bakin nan nawa. Kuma don ku san irin mutuwar da zuciyata ta yi, ba a daɗe ba na ƙaro yadi na ja labulena ya haɗe har kusurwar Habu. Ƙusarsa na rataye agogon bango a kai.

Bayan tafiyarsa dole na daina sata a ɗakunan, don kowa ya tabbata shi ne. Aka yi ta cewa ai ga shi an huta. Amma hannu ya riga ya saba. Na koma cikin gari, daga shagunan cajin waya na koma satar babura. A kan babur ɗin wani ma'aikaci aka tare ni a hanyar Kongolam, mai shi yana biye da ni ban sani ba. 'Yan sanda suka kawo ni makaranta da ankwa, ɗalibai suka cika ɗakin har taga. Wani ɗan sanda ya shiga da takalminsa ya yaye kafet ɗin da hannu ɗaya. Ga katako, ga rami, ga layukan waya da jakar kwamfutar Nura da na kasa rabuwa da ita don tana da kyau. Nura ne kawai ya yi magana, ya ce, “Habu fa?”

Alƙali ya ɗaure ni. A gidan yari babu kusurwar kowa. Wurin kwananka faɗin kafaɗarka ne, idan za ka juya sai na kusa da kai ya juya. Ga bokitin bahaya a gefe, ga ƙuda, ga ƙaiƙayi da ya cinye mini fata. Ni mai fitilu masu canza launi. Mahaifina ya zo sau ɗaya tak. Ya rame, ya ƙi zama. Ya ce, “Satar zan iya haɗiye ta. Yaron nan ne na kasa. Ranar da ka fito, kada ka tako ƙofar gidana sai ka fara zuwa Baure.” Ya juya ya tafi, bai karɓi gaisuwata ba.

Da na gama wa'adina na hau mota zuwa Baure, na yi ta tambaya har aka kai ni ƙauyen. Na same shi a bakin rijiya yana shayar da shanu. Ya gane ni tun daga nesa. Ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, na zauna ta hagunsa na fara magana. Sai ya taɓa ni ya ce, “Yaya, zagayo ta nan. Wannan ba ya ji.”

Na zagaya. Na faɗa masa komai, tun daga labule har kwamfuta, ina kuka ina majina. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Ai na sani. Ni ke share kafet ɗin. Tun farkon zuwan katakon na ɗaga na gani.”

Na ce, “To me ya hana ka faɗa, Habu? Da kalma ɗaya ka tsira.”

Ya ce, “Na ci abincinka. A gidanmu ba a nuna wanda ka ci a kwanonsa. Na ɗauka kai za ka yi magana. Har suka kai ni ƙasa ina sauraron muryarka.”

Ya ce ya yafe mini, don yana so shi ma Allah ya yafe masa. Na tambaye shi ko zai koma karatu tunda gaskiya ta fito. Ya yi murmushi ya ce lokaci ya wuce, kuma bayan abin da ya faru babu wanda ya ƙara sa ɗansa a kwaleji daga ƙauyen. Ya sa aka kawo mini fura da nono. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na sha, don ba ni da fuskar ƙi.

Yanzu ina Sandamu ina noma tare da mahaifina. Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa. Ku da za ku shiga makarantu, ku saurare ni. Za ku tarar da masu labule da kafet, za a yi wa katifarku dariya. Ku bari a yi, dariya ba ta kashe kowa. Ku share wurinku, ku kafa ƙusarku, ku yi abin da ya kai ku. Kada ku auna amanar mutum da kyan bangonsa, don ni an cire mini takalmi ina ɓarawo, an taka tabarmar mai gaskiya. In kuwa wata rana aka taru a kan wani ana tambayarsa, kai kuma ka san amsar, ka buɗe baki a lokacin, ko me zai same ka. Ni na buɗe nawa bayan shekaru, kuma sai da na zagaya ta dama, don kunnen da ya jira maganata ranar nan ya riga ya mutu.