Rubutun Inna da aikin cibiyar Nafisa

Sabiyal zuwa Aliero

Mun bar gida ƙarfe biyar da rabi na asubar Talata, ni da matata Rabi da ɗiyarmu Nafisa mai shekara huɗu, wadda za a yi wa aikin kumburin cibiya a Maiyama. An gargaɗe mu kada ta ci komai bayan tsakar dare, don wanda aka sa wa maganin barci da abinci a ciki yana iya yin amai ya shaƙe. Saboda haka tun daren Litinin na kulle ƙwaryar fura a ɗakina, Rabi tana yi mini dariya. Babur ya sauke mu a tashar Aliero shida da kwata.

Jega

Motar da muka shiga warin albasa take yi. Shinge ɗaya muka wuce, muka isa Jega bakwai da rabi. Muna jiran motar Maiyama ta cika sai na ga baƙi a gefen bakin yarinyar. Na tambaya. Rabi ta sunkuyar da kai ta ce Inna, mahaifiyata, ta ba ta rubutu kafin salla, wai jikarta ba ta fuskantar wuƙa ba tsari. Rabi ta roƙe ni kada in faɗa a asibiti don kada a ɗage aikin, tunda likitan da ke yin sa sau ɗaya yake zuwa a wata. Mai shayi ya yi ta kira, ban kula shi ba.

Maiyama

Mun isa tara saura. Ma'aikaciyar da ke kula da maganin barci ta ɗora Nafisa a sikeli, ta tambaya ko ta ci wani abu. Rabi ta dube ni. Na faɗi gaskiya.

"Da ruwa aka wanke allon, ko an haɗa da nono?"

"Ruwa zalla, Hajiya," na ce. "Kafin ƙarfe biyar."

Ta ce sai sha ɗaya za a shiga, ruwan ya riga ya wuce. Da fura ce, da mun jira har yamma, wataƙila likita ya tafi.

Goma da rabi ta kawo magani iri biyu daidai nauyin yarinyar: ɗaya na kwantar da hankali don kada ta firgita idan aka raba ta da mu, ɗaya na rage zafi. Nafisa ta datse baki. Hajiya ta ce mata wannan rubutun asibiti ne, sai ta shanye. Bayan minti ashirin jikinta ya saki, tana dariya tana kama gemuna. Sau uku ina tambaya ko lafiya, ana ce mini haka ake so. Aka tura ta ciki ko kuka ba ta yi ba. Sha biyu da rabi ta farka tana neman takalminta. Muka kwana biyu, ni a tabarma a baranda.

Gida

Ranar Alhamis da la'asar muka iso. Inna ta duba bandejin, ta ce ai rubutunta ne ya yi aiki. Ban musa ba.

"Da ba ka kulle hurar ba," in ji ta, "da cikinta ni ka dama mata rubutun, ya hi kama jiki."

Na taɓa makullin a aljihuna, na nemi wuri na zauna. Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya, kuma ranar nan Rabi ba ta yi mini dariya ba.