Ranar da Kakata Ta Kore Ni Daga Wurin Daɓe

Ko na tsufa na rikice, ba na jin zan manta da ranar da na yi yunƙurin ɗaukar waƙar daɓe a Taloka. Kakata ce kaɗai ta rage a unguwarmu da ta san waƙar da mata ke yi idan suna daɓe ƙasan ɗaki. Siminti ya zo, an daina daɓe, ita kuma ta haura tamanin. Tsorona kada ta tafi da waƙar.

Ni da nake ganin na waye, sai na shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na kafa mata waya a gaba, na ce bismillah. Ta buɗe baki, ta rufe. Ko baiti ɗaya ya ƙi zuwa. Na ce shi ke nan, na makara.

"Maigida, kai dai sakarai na," in ji ta, don haka take tsokanata. "Wa ya gaya maka ana waƙag ga zaune? Kawo tsakuwa da makuba."

Kwana biyu ina jidar tsakuwa zuwa ɗakin da muke ajiye albasa, shi kaɗai ne bai ga siminti ba. Aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake yayyafa ruwansa don daɓe ya yi ƙarfi, aka kakkaɓe tsofaffin madaɓai, matan maƙwabta suka cika gidan. Na gyara tsayuwa da wayata.

"Mi kaka jira? Hita!" in ji kakata. "Maza ba su tsayawa wurin daɓe."

Na tsaya gardama, wata gwaggo ta watsa min ruwan makuba a farar riga. Da gudu na fita suna shewa.

A bayan katanga na ƙare, bisa turmi, hannu a sama da waya. Madaɓai suka fara sauka tare, tim, tim, sai ga muryar kakata ta tashi garau, baiti na bin baiti, mata na amsawa. Ina dariya, hawaye na zuba. Can na ji ta ƙara sabon baiti, na wani ragon miji da tsakuwar kwana biyu ta sa shi nishi.

Waƙar tana nan, ƙannena mata duk sun haddace, kuma baitina suka fi so. Tun ranar na gane cewa in kana neman abin da tsofaffi suka sani, ba tambaya za ka tsaya yi ba. Ka kawo musu aikin, ka matsa gefe.