Mahfuzu Adum, da rahoton da ya ƙi sa wa hannu

Daga Allah muke, gare Shi kuma komawarmu take. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, bayan la'asar, aka kira ni daga garin Colire aka ce Injiniya Mahfuzu Adum ya faɗi a bakin aikinsa, zuciya ta tsaya kafin a samo mota. Shekararsa arba'in da shida. Washegari muka binne shi a Garuwa.

Mahfuzu, shekara goma sha bakwai muka yi a ɗakin na'ura ɗaya, muna tsaron layin fiba, igiyar sadarwa da ke kai saƙo daga Garuwa zuwa Marwa da Kuseri. Na girme ka, kana ce mini Yaya Hauwa ko a gaban manya, ko muna faɗa da Faransanci. Lokacin jinyar mahaifiyata ka riƙe mini aikina wata biyu, ba ka gaya wa kowa ba. Ni ma sai a takardar sa hannu na gano. Duk Juma'a kana zuwa da soyayyen kifin Binuwai a leda, ka raba har da mai gadi, ka ce mu wanke hannu kafin mu taɓa katin na'ura.

Masu karatu za su tambayi abin da ya kai ka Colire. Zan faɗa, tunda ofis ba zai faɗa ba.

Shekara uku da suka wuce layin ya fara zubar da saƙo. Kowa ya ce igiya ce ta lalace. Kai ka ce agogon na'ura ne ke rawa. Da Faransanci sunan abin gigue, wanda kuma sunan wata rawar Turawa ce, shi ya sa suka laƙaba maka Malam Gigue suna dariya. Na ji yadda ka bayyana wa mahaifiyarka, Haja Mairamu, a tsakar gidanku na unguwar Fulɓere. Ka ce: "Mama, kin ga mata uku suna lugude a turmi ɗaya? Kowace taɓarya da lokacinta. In ɗaya ta ɗan riga ko ta ɗan makara, sau dubu ba komai. Amma in an daɗe ana daka, za a zo ga bugun da taɓare biyu suka haɗu." Ta ce to me ya hana a sauya mai makarar. Tsohuwa ta gane a minti ɗaya.

A layinmu bugu biliyan goma ake yi a daƙiƙa guda. Ka nuna cewa in ana son kuskure kada ya wuce ɗaya cikin miliyan sau miliyan, sai a ninka matsakaicin rawar sau goma sha huɗu kafin a san filin da take ci. Da safe rawar kashi biyu ce cikin ɗari na lokacin kowane bugu, wato ta ci ashirin da takwas, akwai sauran wuri. Da azahar, in zafi ya haura digiri arba'in da uku kuma kilima, na'urar sanyaya ɗakin, ta gaza, sai ta kai kashi bakwai. Wanda ya iya lissafi ya ninka da kansa: casa'in da takwas cikin ɗari, wuri ya kusa ƙarewa.

Masu dubawa sun zo daga Yawunde har sau uku. Duk ukun da ƙarfe takwas na safe suka auna, na minti biyar, domin babu baƙon da ke son ranar Garuwa ta same shi a waje. Suka ga komai lafiya, suka koma otal. Ka roƙi shugabansu, Olivier, ya tsaya zuwa ƙarfe biyu. Ya ce jirginsa na sha ɗaya ne. Aka miƙo maka rahoto cewa na'ura ba ta da laifi, ka ajiye biro ka ce: "Ban ga haka ba." Wata ɗaya bayan nan aka sa maka takardar gargaɗi a dosiye, wato fayil ɗinka na aiki, wai taurin kai da rashin iya aiki, aka tura ka Colire kana gadin eriya ɗaya.

Ni na sa hannu a rahoton nan. Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta, na gaya wa kaina haka, kuma ba ka taɓa yi mini gori ba. Da ka yi, da ya fi mini sauƙi.

A watan Fabrairun bana manyan ofis suka sauya katin agogon suka gyara kilima, shiru, a matsayin gyaran yau da kullum. Kuskure ya ɗauke ranar. Ka kira ni kana dariya, ka ce yanzu kam za su cire takardar, ɗiyarka Khaula ba za ta ji an ce ubanta bai iya aiki ba. Abin da kake so ke nan, ba girma ba, ba komawa Garuwa ba.

Bayan sadakar bakwai na je wurin Madam Solange mai kula da ma'aikata, da aune-aunenka na wata goma sha huɗu. Ta karɓe ni da mutunci, har da ruwan sanyi. Ta ce ba a taɓa dosiyen mamaci, an riga an rufe an aika Yawunde. Na rubuta can, ban sa ran amsa ba. Takardar za ta zauna a inda take, da sa hannuna a rahoton da ya haife ta.

Ya Allah, Kai ba a rufe maka dosiye. Ka jiƙan Mahfuzu, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa gaskiyar da ya riƙe ta yi masa nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyya ga Haja Mairamu, da matarsa Hadiza, da Khaula da ƙannenta. Khaula, babanki ya iya aikinsa, ya fi mu duka. In kin ga dama wata rana, ki yafe mini.

Hauwa Dawuda, Garuwa