Miyar Ranar Haihuwar Eun-ok

Har yanzu idan na ji ƙamshin man riɗi a wuta, sai wata rana ta faɗo mini a rai. Ba a daɗe da yin abin ba, kuma da bakina aka yi shi.

Pyo Mal-sun tana da ɗan shagon abinci a bayan jami'armu, a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Inna kowa yake ce mata. Tun shekarata ta farko ta gane ba na cin naman alade, ta ware mini tukunyata, ta kuma ware mini nawa faɗan.

"Rahina, dubi wuya kamar na zalɓe. Wa zai auri tsinke? Zauna ki ci."

Tana budurwa ta yi aiki a masaƙa. A can ta yi ciki, saurayin ya gudu, yayyenta maza suka karɓe jaririyar tun cibiya ba ta faɗi ba, aka ba wasu Turawa. Eun-ok ta raɗa mata.

A nan, miyar ganyen teku da man riɗi ita mai jego take sha, shi ya sa duk ranar haihuwar mutum uwarsa ke dafa masa ita. Inna ba ta taɓa fashi ba. Idan ranar ta zagayo sai ta dafa, ta zuba kwano biyu. A da, ɗayan a tebur yake hucewa. Da na zo, ni nake shanye shi.

Bana, gab da bikin kammala karatunmu, aka sanar da Inna cewa 'yarta na nemanta. Annika ake kiranta yanzu, a Sweden ta girma, ba ta jin yaren Koriya ko kaɗan. Inna ta roƙi a haɗu ranar haihuwar 'yar, Annika ta yarda. Ni ce tafinta.

Ranar Inna ta rufe shago, ta rina gashinta baƙi wuluk.

"Na yi kyau?"

"Kamar amarya, Inna."

"Maƙaryaciya. Ni dai ta sha, ko cokali ɗaya ne. Ba na neman komai bayan wannan."

Da azahar Annika ta iso, ta haura shekara arba'in, haɓarta ta Inna sak. Sai da na nuna mata ƙafa ta cire takalmi. Inna ta kama hannunta tana shafawa, tana ta kiran sunan da matar ba ta sani ba. Sannan ta ajiye mata kwano yana tururi.

Annika ta tambaye ni da Turanci ko mene ne wannan. Na bayyana mata, har da kwanon da ake zubawa duk shekara. Ta daɗe tana kallon miyar, sannan ta ajiye cokali a hankali.

"Na gane," ta ce. "Shi ya sa ba zan sha ba. Ina da uwa, tana jirana a otal. Fuskar wadda ta haife ni na zo gani. Ba na so ta sa rai."

Inna ta zuba mini ido.

"Ta ce cikinta ba daɗi, gajiyar hanya," na ce.

"Maganarta ta fi taki tsawo, 'yar nan. Kar ki sa mini suga."

Sai na faɗa mata, kalma bayan kalma. Inna ta gyaɗa kai.

"Ki ce mata ta kyauta da ta zo. Ki tambaye ta, matar da ta raine ta, me take dafa mata ranar haihuwarta?"

Na tambaya. Annika ta ce kek ake saya mata.

"Kek," in ji Inna. "Abu mai sanyi."

Ba su ƙara wata doguwar magana ba. Annika ta ɗauki hoto, ta ɗan rusuna a bakin ƙofa yadda ta ga ana yi, ta tafi. Inna ta tsaya har motar haya ta sha kwana, ta dawo ta turo mini kwanon.

"Sha, kar ta huce."

Na sha, hawaye na ɗiga ciki. Ita ba ta yi kuka ba, tebur take ta gogewa, wuri ɗaya.

"Baɗi ki zo da wuri," ta ce. "Kullum sai kin sa ni jira."

Izinin zamana zai ƙare ƙarshen watan nan, aiki bai samu ba, gida Zariya zan koma. Kullum nakan taho da niyyar faɗa mata, in tsaya a bakin shago in hango ta tana wanke kwanukan nan biyu, sai ta ɗago ta ce, "Kin ci abinci?" Sai in shiga in zauna.