Mai Kofato da Goɗiyar Mahaifina

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Baba Mai Kofato ya rasu a asibiti bayan kwana huɗu yana jinyar ciwon zuciya. Shekarunsa saba'in da ɗaya. Ya bar matarsa, wadda duk muke kira Inna, da 'ya'ya biyar da jikoki. Ina tsaye a kantina na sayar da magani, ina zuba wa wata mata ƙwayoyi a leda, babbar 'yarsa ta kira ni a waya. Har yau ban san yadda aka yi na tsinci kaina zaune a ƙasa ba.

Baba, yau kwana tara ke nan. Tun ranar da muka kai ka makwancinka nake jin wata magana tana yawo a bargar dawakai ta bayan gari, inda ka yi aiki fiye da shekara arba'in. Wai tsufa ya kama ka a ƙarshe, hannunka ya goce, ka lalata ƙafar goɗiyar mai kantin magani. Goɗiyar nan tawa ce, kuma na fi kowa sanin abin da ya same ta. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Amma bari in fara faɗa wa waɗanda ba su san ka ba ko kai wane ne.

Aminin mahaifina ne kai tun ƙuruciya. Da ƙira ka fara, ka shekara talatin kana buga wa dawakai takalmin ƙarfe, har aka shaide ka a kai. Rana ɗaya ka rataye guduma, ka ce ka gaji da ganin kofato yana tsukewa cikin ƙarfe kamar ƙafar yaro a takalmin bara. Daga nan ka koma aiki da wuƙa da magagari kawai, kana gyara kofato ka bar doki ya taka ƙasa da ƙafar da Allah ya yi masa. An yi maka dariya ba kaɗan ba, wasu ma suka daina kiranka. Ko a jikinka.

Duk wanda ya taɓa kiranka ya san ba ka fara duba ƙafa. Kwatarnin abinci kake fara nufa, ka tsoma hannu, ka shinshina, ka tona kashin dokin da sandarka, sannan ka ɗaga kofato. Kakan ce abin da doki ya ci a wannan wata, nan da wata biyu za a gan shi a ƙafarsa, don haka ɓata lokaci ne a gyara ƙasa alhali ɓarnar daga sama take zuwa. Na tuna wani tsoho mai amalanke da dokinsa ya kasa taka ƙasa mai tauri bayan ka cire masa takalmi. Da kanka ka riƙa ɗauko tsakuwa buhu-buhu a bayan babur ɗinka, ka shimfiɗa ta kewaye da kwatarnin ruwa, don dokin ya riƙa takawa duk lokacin da ƙishi ya kama shi, tafin ƙafarsa ya yi ƙwari a hankali. Wata guda cur kana zuwa kullum da safe. Tsohon ya zo jana'izarka, ya tsaya can baya yana share ido da hularsa.

Shekara biyu da suka wuce mahaifina ya rasu, ya bar mini goɗiyarsa Gimbiya. Ban san komai game da doki ba, sai dai ina son ta, domin ita kaɗai ce abin da ya bari mai numfashi. Na nuna mata so ta hanyar da na iya. Na dinga ɗura mata hatsi da dusa da sukari, na kuma jera gwangwanayen ƙarin sinadarai a kan kantar barga, wannan na sheƙin gashi, wancan na ƙarfin ƙashi. Ta yi ɓul-ɓul, ni kuwa ina ta jin daɗi. Wata safiya na iske ta a tsaye, ta miƙe ƙafafun gaba, ta jingina nauyinta baya, gumi yana tsattsafo mata. Ko taku ɗaya ta ƙi yi.

Da ka zo ka dafa kofatanta, ka ce in taɓa in ji. Zafi rau. Ka bayyana mini cewa zaƙi da hatsi ne suka yi mata yawa, har cikin kofaton ya kumbura, ƙashi ya fara rabuwa da bangonsa. Sai ka ɗaga kai ka ƙirga gwangwanayena, sha ɗaya.

"Mai Kwalabe," ka ce, don sunan da kake tsokanata da shi ke nan, "wannan barga ce ko reshen kantinka?"

A ranar ka cire mata takalma, ka kafa mini doka. Babu hatsi ko ƙwaya ɗaya. Busasshiyar ciyawa kawai, a jiƙa ta awa guda a zubar da ruwan kafin a ba ta. Gishiri, da cokali ɗaya na garin sinadari daga gwangwani guda da ka zaɓa, sauran goman ka ce in kwashe su daga gabanka. Kada ta kusanci sabuwar ciyawa. Kai kuma za ka riƙa zuwa duk bayan mako huɗu kana rage kofaton kaɗan-kaɗan. Ka ce sabon kofato yakan ɗauki kusan shekara kafin ya sauko daga gindin gashi zuwa ƙasa, saboda haka in nemi haƙuri in ajiye.

Wata shida na bi dokarka. Gimbiya ta saɓe, ta fara takawa, har ta kai ga ɗan sukuwa a fili. Ranar da ka ga haka ka yi dariyar da ban taɓa jin ka yi ba tun rasuwar mahaifina.

Sai baffannina suka kawo mini ziyara, na kai su barga ina taƙama. Babbansu ya dube ta sama da ƙasa, ya taɓe baki.

"Da ubanka yana raye," in ji shi, "da ba a ƙirga haƙarƙarin Gimbiya ba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ba rama ta yi ba, kai ka sha faɗa mini haka jikinta ya kamata ya kasance, amma kunya ta fi ƙarfin hankalina. Washegari na sayi buhun hatsi na ɓoye a bayan mota. Kullum da safe kwano ɗaya, har mako uku. Ni ɗin nan da nake wuni ina yi wa masu ciwon sukari faɗa a kan abin da suke ci a ɓoye.

Ciwon ya dawo, kuma ya fi na farko tsanani. Ka zo, ka nufi kwatarni kamar kullum, ka iske shi fes, domin na wanke shi. Sai ka sa sanda ka tona kashinta. Ga ƙwayoyin hatsi nan a fili, ni ma ina ganinsu.

"Me take ci?"

"Abin da ka ce, Baba."

Ka dube ni, ka daɗe kana dubana, har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jira ka yi mini wankin babban bargo, kuma da ka yi da na samu sauƙi. Sai kawai ka sa ƙafa ka tura yashi ka rufe wurin, ka ce, "To." Ba ka sake tayar da zancen ba, ni ma na ja bakina na yi shiru.

Daga ranar ka bar zuwan wata-wata, ka koma zuwa duk bayan kwana biyu. Dokin da ƙafa ke yi wa ciwo ba ya iya tsayawa a kan uku, don haka duk lokacin da ka ɗaga ɗaya, rabin nauyinta a bayanka yake sauka. Haka kake duƙawa ƙarƙashinta kana haki, ka goga kaɗan, ka sauke, ka bar ta ta huta, ka sake ɗagawa. Sau biyu na ga ka jingina da bango ka dafe ƙirji. Ka ce ƙwannafi ne. Na yarda, saboda yardar ta fi mini sauƙi, har na kawo maka maganin ƙwannafi daga kantina. Shekara ashirin ina wannan sana'a, na san abin da dafe ƙirji da haki ke nufi a jikin mai shekara saba'in. Ranar Juma'a ka gama da ita, ka wanke hannu, ka hau babur, ka faɗi a ƙofar gidanka.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ba ni ne na rubuta naka ba. Amma na san wanda ya sa ka duƙa ƙarƙashin goɗiya sau goma a makonninka uku na ƙarshe.

Da na je gaisuwa, Inna ta sa aka kira ni ciki. Tana zaune a bakin gado, jakar kayan aikinka tana rataye a bayan ƙofa. Ita ce ma ta fara ba ni haƙuri.

"Ɗana, ka yafe masa," ta ce. "Ya gaya mini shi ya rage wa goɗiyarka kofato fiye da kima. Abin ya dame shi ƙwarai. Haka ya riƙa faɗa wa duk wanda ya tambaye shi a barga."

A nan na gane inda maganar ta samo asali. Kai ka ƙirƙire ta da bakinka, ka ɗora wa hannunka laifi don ka rufa wa ɗan amininka asiri. Na buɗe baki in yi magana, sai na ji kaina ina cewa, "Ba komai, Inna." Na tashi na fito. Wannan ne karo na biyu da na yi shiru.

Jiya na ji mutum biyu a barga sun kira maƙeri ya mayar wa dawakansu takalmi, suna cewa in mai abin da kansa ya kasa, su wa za su bi. Dawakan da ka shekara goma kana gyara wa ƙafa. Gimbiya kuwa tana nan tsaye a kan yashi mai laushi, tana ɗaga kunne duk lokacin da babur ya wuce. Likitan dabbobi ya ce sai nan da wata uku za a san ko za ta tashi, in ƙashin ya ƙara nutsewa cikin kofaton sai dai a kashe ta a hutar da ita. Ina jiƙa mata ciyawa, ina zubar da ruwan, ina auna cokali ɗaya. Babu mai rage mata kofato.

Allah ya jiƙanka, Baba. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya saka maka da alheri saboda tausayin da ka nuna wa dabbobin da ba su da bakin godiya, da wanda ka nuna mini ni da nake da baki na ƙi buɗewa. Allah ya haɗa ka da mahaifina a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da jikokinka da duk mutanen barga, Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Inna, na roƙi babbar 'yarki ta karanta miki wannan a gaban kowa. Ba ni da abin da zan yafe wa mijinki. Ni ne na ba goɗiyar hatsi, ya tambaye ni na yi masa ƙarya. Ke ce za ki yafe mini, in kin ga za ki iya.